Eduard Zirm: Likitan da ya fara cin nasarar dashen tantanin ido

An haifi Eduard Konrad Zirm a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya ranar 18 ga Maris, 1863. A nan ya yi karatun likita, ya kuma ƙware a fannin ido. A shekarar 1892 aka naɗa shi shugaban sashen ido na asibitin Olomouc, garin da a yau yake cikin Jamhuriyar Cek, inda ya yi sauran rayuwarsa.

A zamanin, wanda hakiya ta rufe masa ido ya yi sallama da gani ke nan. Hakiya tabo ce da ke zama a kan tantanin gaban ido, wannan fata mai garai-garai da haske ke ratsawa. Likitoci sun shafe shekaru suna gwada maye gurbinta, har da tantanin dabbobi, amma dashen yakan dusashe cikin makonni.

A shekarar 1905 Zirm yana jinyar wani leburan gona ɗan shekara 45, wanda farar ƙasa mai ƙuna ta fallatsar wa, ta makantar da idanunsa biyu. Ana nan sai aka kawo wani yaro ɗan shekara 11 da ɓarɓashin ƙarfe ya shiga masa ido, har ya zama dole a cire idon. Tantanin idon yaron kuwa lafiyarsa ƙalau. Ranar 7 ga Disamba, Zirm ya yanko ƙananan da'irori biyu daga cikinsa, kowace faɗinta milimita 5, ya dasa wa leburan ɗaya a kowane ido.

Ba shi da na'urar ƙara girman gani irin ta ɗakin tiyata na yau, kuma ba a ƙirƙiro magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba tukuna. Abin da ya dogara da shi shi ne tsafta, da cikakken maganin barci, da adana tantanin cikin danshi mai ɗumi. Dashen ido ɗaya ya lalace, ɗayan ya tsaya garau, mutumin ya koma gona. Daga baya masana suka fahimci dalili: tantanin ido ba shi da jijiyoyin jini, shi ya sa jiki bai cika ƙin karɓarsa ba.

Zirm ya wallafa sakamakon a 1906, wasu suka ɗora a kai. A 1931 Vladimir Filatov na birnin Odesa ya yi nasara da tantanin mamaci. Zirm ya rasu a Olomouc ranar 15 ga Maris, 1944, shekarar da aka buɗe rumbun adana ido na farko a duniya a birnin New York na Amurka.

Tarihinsa bai yi nisa da manomin citta na Kafanchan ko Kachia ba, wanda tsinke ko kara kan tsone wa ido a gona, ko yaron da ƙyanda ta bar wa hakiya. Najeriya tana da Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna da rumbun adana ido a Legas, sai dai masu yin wasiyyar ba da tantaninsu bayan mutuwa sun yi ƙaranci ƙwarai. Likita yana iya ƙwarewa kamar Zirm, amma ba zai ɗauki wuƙar tiyata ba sai an sami iyalin da suka amince da kyautar.