Arturo Toscanini: Makaɗin da Ya Haddace Rabon Kowa

A filinmu na tarihin mashahuran mutane, wannan makon mun ɗauko muku wani ɗan Italiya, Arturo Toscanini.

An haife shi a garin Parma a 1867, mahaifinsa tela ne. Tun yana yaro ya shiga makarantar kiɗa, ya koyi kaɗa celo, wani ƙaton goge na Turawa.

A wasan opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera maganganunsa da waƙa, kowane makaɗi takardar rabonsa kawai ake ba shi. Jagoran makaɗa ne ke riƙe babban kundi, inda aka jera layin kowane kayan kiɗa da na kowane mawaƙi a shafi guda. Toscanini bai tsaya kan takardarsa ba. Ya duƙufa kan kundin har ya haddace rabon mai sarewa da mai ƙaho da mai ganga.

A 1886 ya bi wata ƙungiyar wasa zuwa Rio de Janeiro ta ƙasar Burazil. Ranar da za a yi wasan Aida na Verdi, jagoran ya yi fushi ya ajiye aiki, 'yan kallo kuma suka kori wanda ya maye gurbinsa da ihu. Wasa na shirin watsewa, sai mawaƙa suka nuna yaron mai celo. Yana ɗan shekara 19, bai taɓa jagorantar opera ba, ya karɓi sanda ya ja wasan da ka har ƙarshe. Masu ihu suka koma tafi.

Daga nan likafa ta ci gaba. Shi ya jagoranci wasan farko na La Bohème a 1896, ya shugabanci makaɗan La Scala a Milan, daga baya ya koma Amurka. Idonsa ba ya gani sosai, don haka hadda ta zame masa jari. Ya kuma matsa wa makaɗa su kaɗa abin da mawallafi ya rubuta, ba ragi ba ƙari. Ya rasu a New York a 1957.

Jarrabawa na tafe. Mu da muke karanta babin da muke zaton zai fito kawai, mu tuna ba wanda ya sanar da Toscanini ranar da za a miƙa masa sanda.