Taƙaitaccen Tarihin Ferdinand Georg Frobenius, Masanin Lissafi (1849–1917)

An haifi Ferdinand Georg Frobenius ranar 26 ga Oktoba, 1849, a Charlottenburg kusa da birnin Balin na ƙasar Jamus. Mahaifinsa limamin coci ne. Ya sami digirin digirgir a Jami'ar Balin a 1870, ya shekara 17 yana koyarwa a Zurich ta ƙasar Suwizalan, kana ya dawo Balin a 1892.

Aikinsa na farko da za mu duba ya shafi lambobin da ba su rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, kamar 3, 5, 7 da 13. Mai karatu ya gwada da kansa: 13 ita ce 4 a tara da 9, wato biyu sau biyu da uku sau uku, amma 7 ba ta samuwa ta wannan hanya. Tuntuni masana suka san dalili, wato abin da ke saura in an raba lambar da 4. To amma akwai matsaloli masu zurfi inda ragowar ba ta isa hujja. A nan Frobenius ya danganta halin waɗannan lambobi da rukunin sauye-sauyen da Galois, mutumin Faransa, ya gano.

Na biyu kuwa wasiƙa ce ta haifar da shi. A watan Maris na 1896 Richard Dedekind ya aiko masa da wata matsala da ta gagare shi. Kafin shekarar ta ƙare Frobenius ya warware ta, ya kuma aza harsashin ilimin wakilci, wato wakiltar kowane sauyi na rukuni da jadawalin lambobi domin ya lissafu. A lokacin yana dab da shekara 47, shekarun da ake cewa kaifin mai lissafi ya fara dushewa.

An san shi da zafin rai, bai kuma ga maciji da malaman Jami'ar Göttingen ba, amma ya yaye haziƙan ɗalibai irin su Issai Schur.

Ya rasu ranar 3 ga Agusta, 1917, bai ga haɗuwar ayyukan nan biyu ba. Emil Artin ne ya ɗaura su a 1923. A kan wannan turba Robert Langlands ya shimfiɗa hasashensa a 1967, ita kuma Andrew Wiles ya bi a 1994 ya warware matsalar Fermat wadda ta gagari masana sama da shekara 350.