Jigoro Kano: Yaron da Aka Raina, Ya Ƙirƙiro Wasan Judo

A wannan makon filinmu na tarihin fitattun mutane ya leƙa ƙasar Japan. Jigoro Kano dai ba Bakano ba ne, suna ne kawai ya zo ɗaya.

An haife shi a 1860 a garin Mikage, kusa da birnin Kobe. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara 9, daga baya aka koma da shi Tokyo. Yaro ne mai ƙwaƙwalwa amma ɗan firit, ga saurin fushi. A makaranta manyan yara suka riƙa cin zalinsa.

A 1877 ya fara koyon jujutsu, tsohuwar kokawar mayaƙan Japan, a wajen wani malami mai suna Fukuda Hachinosuke. Bayan 'yan shekaru sai ya lura jikinsa ya yi ƙwari, kuma zuciyarsa ta yi sanyi, yana iya danne fushi. Nan ya gane cewa kokawa za ta iya zama tarbiyya.

A 1882, yana ɗan shekara 21, ya buɗe makarantarsa Kodokan a wani ɗaki mai tabarma 12, da ɗalibai 9. Ya ware dabarun da ke jawo mummunan rauni, ya sa wa sabon wasan suna judo, wato hanyar sassauci. Ya kafa shi kan ƙa'idoji biyu: kada mutum ya ɓarnatar da ƙarfinsa a banza, kuma shi da abokin karawarsa su amfani juna.

Abin da ake fara koya wa sabon ɗalibi shi ne yadda zai faɗi bai ji ciwo ba, ya miƙe. Wanda aka kayar sau ɗari yana tashi, faɗuwar jarrabawa ba za ta karya masa zuciya ba. Kuma kowace karawa da gaisuwar girmamawa ake fara ta, da ita ake rufewa.

Kano malamin makaranta ne, ya shugabanci babbar kwalejin horon malamai ta Tokyo fiye da shekara 20. A 1909 ya zama mutumin Asiya na farko a kwamitin wasannin Olamfik na duniya. Ya rasu ranar 4 ga Mayu, 1938 a cikin jirgin ruwa, yana komawa gida bayan wani taro a Alƙahira. A 1964 judo ya shiga gasar Olamfik a Tokyo.

Mu a nan yankin Funtuwa da Malumfashi mun san kokawa, ta dandali bayan an kai masara da dawa gida. Sai dai mu tambayi kanmu: in an tsokane mu a aji ko a layin famfo, wa ke riƙe da linzami, mu ko fushinmu? Ga manyanmu 'yan ajin ƙarshe kuma, ƙaramin da kuke zalunta yau ba ku san abin da zai zama gobe ba.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.