Malam Aminu Kano da Wasannin da Ya Shirya Don Ido

'Yan'uwana mata, yawancinmu mun san marigayi Malam Aminu Kano a matsayin ɗan siyasa. Amma kafin NEPU, malamin makaranta ne, kuma mai shirya wasan kwaikwayo.

An haife shi a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a 1920. Mahaifinsa Malam Yusufu ma'aikacin kotun alƙali ne, mahaifiyarsa Rakiya kuwa 'yar gidan malamai ce. Daga Midil ta Kano ya shiga Kwalejin Katsina a 1937, wadda aka mai da ita Kaduna a 1938.

A can Kaduna, yana ɗalibi, ya fara rubuta wasanni su yi shi da abokan karatunsa. Ɗaya sunansa Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba, kan yadda 'yan kasuwar birni ke cutar mutumin ƙauye. Wani kuma Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya, wanda ya taɓo nauyin haraji a kan talaka.

To, me ya sa ya zaɓi wasa? A zamanin nan masu karatun boko ƙalilan ne, a cikin mata kuwa sai an tona. Takarda sai wanda ya iya baƙi, amma kallo na kowa ne. In aka rubuta cewa ɗan kasuwa ya tauye mudu, mai karatu zai wuce layin. In ko aka ga yaro ya sha babbar riga, yana rantsuwa yana zamewa da hannu, baƙauye ya saki baki, sai wurin ya kece da dariya, kowa ya tuna ranar da aka yi masa haka a kasuwa.

Mu malamai muna ganin wannan a aji. Ba yarinya Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi ta karanta, sai ta bi shi da murya ɗaya kamar jadawalin lissafi. Yarinyar nan ce kuma da azumi a nan Tsiga za ta yi tashen Mairama da Daudu, ta kwaikwayi matar gida har manya su riƙe baki. Karatu dai yana da ranarsa, don littafi kan jira ki, ki koma baya ki auna magana. Wasannin Malam Aminu ba su shiga jerin littattafan aji ba, shi ya sa yau sunayensu muka fi sani.

Ya koyar a Midil ta Bauci daga 1942, ya je karatu London a 1946, ya koyar a Maru, ya ajiye aiki a 1950 ya rungumi NEPU. Ya dage mata su yi ilimi su kuma jefa ƙuri'a, lokacin da faɗin haka kan jawo zagi. Hajiya Gambo Sawaba a jam'iyyarsa ta yi fice. Da ya tsaya takarar shugaban ƙasa a PRP a 1983, mace ya ɗauka mataimakiya, Bola Ogunbo. Bai kai ga zaɓen ba, ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983, aka binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda yanzu ake kira Mambayya. Allah ya jiƙansa.