Marigayi Jibo Bakari: Jagoran Sawaba Da Ya Ce Wa Faransa A'a

Da yawa daga cikin dattawanmu na kasuwannin Adjamé da Treichville a nan Abijan, da na Illela da Ƙwanni da Jibiya, idan aka ambaci kalmar Sawaba sunan mutum guda ne ke faɗo masu a rai, wato marigayi Jibo Bakari, wanda shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci gwamnati a Nijar. Tarihinsa ya shafe mu, domin mutane irinmu ne suka ɗauki jam'iyyarsa a kafaɗa, kuma su ne suka fi shan wuya sa'ad da siyasa ta koma bindiga.

An haifi Jibo Bakari a 1922 a ƙauyen Sudure kusa da Yamai, inda kuma aka haifi ɗan'uwansa Jori Hamani wanda daga baya ya zama babban abokin hamayyarsa. Ya yi karatu a makarantar horon malamai ta William Ponty a Senegal, ya dawo ya koyar, sannan ya shiga jam'iyyar PPN, reshen Nijar na ƙungiyar RDA da aka kafa a Bamako a 1946 a ƙarƙashin Houphouët-Boigny. Da Houphouët ya raba gari da 'yan kwaminis na Faransa ya nemi sulhu da gwamnatin mulkin mallaka a farkon shekarun 1950, Jibo bai yarda da wannan hanya ba. Ya fice, ya koma harkar ƙungiyoyin ƙwadago, a 1954 kuma ya kafa jam'iyyar UDN, wadda jama'a suka riƙa kira Sawaba, kalmar da NEPU ta Malam Aminu Kano ta riga ta yi fice da ita a Arewacin Najeriya.

Ƙarfin Sawaba yana wurin talakawan gari ne: ƙananan 'yan kasuwa, direbobin manyan motoci, 'yan kamasho, teloli, leburori da masu zuwa cin rani Gana da Kano. Su ne suka kai saƙon jam'iyyar daga tasha zuwa tasha har Maraɗi da Damagaram. Da goyon bayansu Jibo ya zama magajin garin Yamai a 1956, a 1957 kuma ya jagoranci gwamnatin cikin gida.

A ranar 28 ga Satumba, 1958, Janar de Gaulle ya sa aka yi ƙuri'ar raba gardama a ƙasashen renon Faransa, ko a zauna cikin tarayya da Faransa ko a karɓi 'yanci nan take. Jibo ya nemi a ce a'a, kamar yadda Seku Ture ya yi a Gini. Faransa, wadda ke cikin yaƙin Aljeriya a lokacin, ba ta shirya sakin Nijar ba. Ta turo sabon gwamna, Colombani, aka matsa wa sarakuna da jama'a lamba, sakamakon da aka bayyana kuma ya nuna kashi 78 cikin 100 sun ce i. Gwamnatin Jibo ta faɗi, Jori Hamani ya karɓi mulki a Disamba, a Oktoban 1959 kuma aka haramta Sawaba baki ɗaya. A wannan shekara ce aka kafa ƙungiyar Entente a Abijan, wadda ta haɗa Houphouët da Jori a sahu guda.

Daga nan ne al'amarin ya sauya. Jibo ya yi gudun hijira zuwa Mali, sannan Gana a wurin Kwame Nkrumah. Tunda an rufe hanyar zaɓe, shugabannin jam'iyyar suka yanke shawarar kafa rundunar 'yan sari-ka-noƙe. An tura ɗaruruwan matasa horo a Sin da Aljeriya da Biyetnam ta Arewa da Gana, kuma ta hanyoyin fatauci da muka sani ne aka riƙa wucewa da wasiƙu da mutane. A Oktoban 1964 ƙananan gungu suka ƙetaro iyakokin Najeriya da Dahome da Mali, suna sa ran talakawa za su tashi su mara masu baya. Hakan bai faru ba. Gwamnati ta samu labari tun da wuri, aka sa mutanen ƙauyuka farautarsu, aka kashe wasu, aka kama da yawa, huɗu daga cikinsu kuma aka harbe su a bainar jama'a a Yamai. A ranar 13 ga Afrilu, 1965, wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti a filin idin babbar salla da nufin kashe Jori. Shugaban ya tsira, wani ƙaramin yaro ne ya mutu.

Abin da ya biyo baya kan talaka ya faɗa. An cika gidajen yari, an tsananta bincike a iyakoki, wanda ya fito daga Kumasi ko Kano da kayansa sai a riƙa yi masa kallon ɗan tawaye. Rikicin ya kai har Nijar da Kodebuwa da ƙawayensu na Entente suka ƙaurace wa taron ƙungiyar haɗin kan Afirka da aka yi a Akara a 1965. Da sojoji suka kifar da Nkrumah a Fabrairun 1966, rundunar Sawaba ta rasa mafaka, Jibo kuma ya ƙarasa zaman hijirarsa a Gini.

Ya dawo gida bayan juyin mulkin Seini Kunce na 1974, amma a 1975 aka kama shi bisa zargin shirya juyin mulki, ya shafe shekaru a tsare. Bayan babban taron ƙasa na 1991 Sawaba ta sake fitowa a rabe gida biyu. Jibo ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, bai kai kashi 2 cikin 100 na ƙuri'u ba. Ya rasu a Yamai ranar 16 ga Afrilu, 1998.

Kwana shida kafin rasuwarsa aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Ireland ta Arewa, inda jam'iyyar Sinn Féin mai alaƙa da mayaƙan IRA ta zaɓi bin hanyar ƙuri'a. Waɗanda suka ɓalle suka ƙi amincewa sun dasa bam a titin kasuwa na garin Omagh a Agustan shekarar, ya kashe mutum 29, galibinsu masu sayayya.

A ganinmu an zalunci Sawaba a 1958 da 1959, kuma wanda ya rufe hanyar zaɓe yana da nasa alhakin. Amma makaman 1964 ba su dawo wa Jibo da komai ba, sai dai sun cinye matasan da suka amince da shi, suka kuma ba gwamnati hujjar tsananta wa kowa. Shi ya sa muke jan hankalin 'yan'uwa masu zirga-zirga a iyakoki da su san abin da ake ba su ajiya da wanda suke ɗauka a mota, ko da da sunan kishin ƙasa aka zo masu. Allah ya jiƙan Jibo Bakari da duk waɗanda suka rasa rayukansu a wancan rikici.