Likita John Snow da Rijiyar Landan

An haifi John Snow a birnin York, ƙasar Ingila, cikin 1813. Ubansa lebura ne. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon aikin likita.

Cikin 1854 annobar amai da gudawa ta faɗa wa wata unguwa a Landan. Kafin kwana 10, mutum wajen 500 sun mutu. Yawancin likitocin zamanin suna tsammani mugun wari ne ke kawo cutar. Snow kuwa ruwan sha yake zargi, amma zargi ba hujja ba ne.

Sai ya karɓo sunayen mamatan, ya bi gida gida yana tambaya inda suke ɗiban ruwa. Ashe yawancinsu famfon titin Broad Street suke sha. Bai tsaya nan ba, ya bincika waɗanda suka tsira. Ya tarar wani gidan gajiyayyu a unguwar yana da tasa rijiya, cutar ba ta yi ɓarna can ba. Wata tsohuwa kuma da ke nesa, wadda ake kai mata ruwan famfon, ta mutu.

Da ya nuna wa hukuma, aka cire hannun famfon. Daga baya aka gane ƙazantar wani masai ke tsiyaya cikin rijiyar.

Snow ya rasu cikin 1858. Hanyarsa ita ce tambaya, da ƙidaya, da gwada wannan da wancan. To, yara, in kun koma gida, ku auna: taki nawa ne tsakanin rijiyarku da masai?