Albert-Félix de Lapparent: Limamin da ya tsinto ƙasusuwan dainoso a hamadar Nijar

A shekarar 2011 gidan talabijin na BBC ya fitar da jerin shirye-shirye mai suna Planet Dinosaur, wanda aka ƙera hotunansa da kwamfuta. Kashi na farko ya kai masu kallo arewacin Afirka ta kusan shekaru miliyan 100 da suka shuɗe, ƙasa mai koguna da fadamu a inda yau sai rairayi. A ciki an ga wani shirgegen kada mai suna Sarcosuchus, da wani dainoso mai cin ganye mai dogon tozo a gadon baya, Ouranosaurus. Dukansu biyu a Jamhuriyar Nijar aka haƙo ƙasusuwan da aka raɗa musu suna da su. Launin fata da kukan da ake ji a irin waɗannan shirye-shirye kintace ne na masu zane, amma siffar jiki da girmansa daga ƙashi ake auno su. Mutumin da ya fara bin wannan hamada a tsare yana tattara ƙasusuwan, yana rubuta inda ya tsinci kowanne, wani limamin cocin Katolika ne ɗan Faransa, Albert-Félix de Lapparent.

An haife shi a shekarar 1905, a gidan da nazarin duwatsu ya zama gado. Kakansa, Albert de Lapparent, wanda ya rasu a 1908, shahararren malamin ilimin ƙasa ne a Jami'ar Katolika ta Paris, kuma ya wallafa babban littafi a fannin wanda ɗalibai suka daɗe suna karatu da shi. Wani abin sha'awa shi ne, kakan ya taɓa yin rubutu a kan ƙasar Hausa ba tare da ya taka ta ba. A 1903 ya yi bayanin wasu halittun teku da suka zama dutse waɗanda aka kai masa daga yankin Tamaske, kusa da Tawa, ya nuna cewa ruwan teku ya taɓa kwanciya a wurin. Jikan ne ya zo daga baya ya ga ƙasar da idonsa.

Albert-Félix ya zama limami tun yana matashi, bai kuma bar karatun duwatsu ba. A 1938 ya kammala digirinsa na uku a kan tsaunukan kudu maso gabashin Faransa, ya koyar a jami'ar da kakansa ya koyar, kuma a 1947 ya wallafa nazari a kan dainoso na kudancin ƙasarsu. Daga nan hankalinsa ya koma Sahara.

Akwai dalilin da ya sa wannan juyi ya zo a kan gaɓa. Mafi girman tarin ƙasusuwan dainoso na arewacin Afirka a wancan zamani shi ne wanda Bajamushe Ernst Stromer ya samo daga Bahariya a Masar, wanda daga cikinsa aka san Spinosaurus. A watan Afrilun 1944 jiragen yaƙin Birtaniya suka yi ruwan bama-bamai a birnin Munich, gidan tarihin da ke ajiye da su ya ƙone, ba abin da ya rage sai zane-zane da bayanan Stromer. Bayan yaƙin, duk mai son sanin dabbobin da suka rayu a Sahara sai ya koma hamada ya fara daga tushe.

Tsakanin 1946 da 1959 Lapparent ya yi tafiye-tafiye tara zuwa Sahara. Ya zaga sassan Aljeriya da Tunisiya da Maroko da Nijar, kuma kaso mai yawa na tafiyar a kan raƙumi ya yi ta, tare da 'yan jagora na ƙasar. Abin da yake bi wata shimfiɗa ce ta dutsen yashi da laka wadda ta ratsa hamadar daga wannan gefe zuwa wancan, wadda masanin ƙasa Conrad Kilian ya raɗa wa suna Continental intercalaire. Ma'anar sunan ita ce ƙasar tudu da ta shiga tsakanin shimfiɗu biyu na teku: a ƙarƙashinta akwai duwatsun tsohon teku, a samanta akwai na wani teku da ya zo daga baya, ita kuma koguna da tafkuna ne suka ajiye ta. A cikin irin wannan ƙasa ake samun ƙashin dabbar tudu, domin gawar da ambaliya ta binne da wuri ita ce ke tsira daga ruɓewa har ma'adinai su maye gurbin ƙashin ya zama dutse.

A Nijar ya fi yin aiki a yamma da Agadas, a kewayen Ingal, garin da makiyaya Abzinawa da Fulani ke haɗuwa duk ƙarshen damina domin dabbobinsu su lashi gishiri, da kuma can arewa maso yamma a In Abangarit da In Tedreft. A 1953 ya sanar da Cibiyar Kimiyya ta Faransa wuraren da ya gano a In Abangarit. Mazauna yankin sun riga shi sanin ƙasusuwan, tunda iska ce ke tone su ta bar su a fili a kan hanyar makiyaya. Abin da ya ƙara a kai shi ne awo da taswira da rubutu.

Sai dai raƙumi yana da iyakar kayan da zai ɗauka, kuma wannan iyaka ta bar tabo a dukkan aikinsa. Ƙashin cinyar babban dainoso kaɗai yana iya kai tsawon mutum, ga nauyin dutse. Wanda ba shi da babbar mota da ma'aikata da buhunan farar ƙasar da ake naɗe ƙashi da ita, dole ya zaɓi abin da zai shiga mangala: haƙora, gaɓoɓin ƙashin baya, faratai, gutsattsarin sulken kada. Su ya kai gidan tarihin halittu na Paris, kuma da su ya rubuta babban littafinsa a kan dainoso na tsakiyar Sahara, wanda ya fito a 1960, shekarar da Nijar da Najeriya suka sami 'yancin kai. Ƙasusuwan suna Paris har yau.

Wanda ya karanta abin da ya faru da sunayen da ya raɗa a wannan littafi zai iya cewa aikin bai yi ƙarko ba. Dabbar da ya kira Inosaurus tedreftensis, masana na ganin gutsattsarinta sun yi kaɗan a tabbatar da ita. Wadda ya kira Rebbachisaurus tamesnensis, an gano daga baya cewa ya haɗa ƙasusuwan dabbobi daban-daban a ƙarƙashin suna guda. Wadda ya kira Elaphrosaurus gautieri, a 2004 aka sauya mata suna zuwa Spinostropheus bayan an samu ƙarin ƙashinta. Hatta shekarun wasu duwatsun kewayen Ingal, waɗanda shi da waɗanda suka biyo shi suka ɗora a kan zamanin da ake kira Cretaceous, wani nazari na 2009 ya mayar da su baya zuwa tsakiyar zamanin Jurassic, sama da shekaru miliyan 160 ke nan.

Wannan hukunci zai zama rashin adalci. Mutumin da ke da haƙori ɗaya da gaɓa uku a gabansa dole ya yi kuskuren da mai cikakken kwarangwal ba zai yi ba. Abin da bai rushe ba shi ne bayanin wurare. Ya rubuta sunan rijiya da tudu da shimfiɗar da ƙashi ya fito daga cikinta, cikin tsanakin da ya sa wani zai iya komawa bayan shekaru talatin ya same su. Ma'aikacin da ya taɓa gadon fayil ɗin da wanda ya gabace shi ya cike yadda ya kamata ya san darajar irin wannan aiki.

An kuwa koma. Tun a shekarun 1950 masu neman yuraniyom na hukumar makamashin nukiliya ta Faransa suka ci karo da tarin ƙasusuwa a Gadoufaoua, kudu maso gabashin Agadas, a bakin hamadar Tenere. A tsakiyar shekarun 1960 wani matashin masani, Philippe Taquet, ya isa wurin da motoci. A 1966 shi da France de Broin suka raɗa wa katon kadan nan suna Sarcosuchus imperator daga ƙoƙon kan da aka samo a can, dabbar da Lapparent ya riga ya tsinci haƙoranta da sulkenta a wasu sassan hamadar. Daga shekarun 1990 kuma Ba'amurke Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya bi sawun limamin zuwa Ingal da Gadoufaoua da manyan motoci da ɗalibai. Daga wannan aiki aka samu Afrovenator a 1994, Suchomimus a 1998, sai Jobaria da Nigersaurus a 1999. Sunan Jobaria daga Jobar aka ciro shi, wata halitta a tatsuniyar Abzinawa da ake dangantawa da ƙasusuwan. Nigersaurus kuwa, mai faffaɗan baki da haƙora sama da 500, yana kiwo ne kansa a ƙasa kamar saniya. A 2001 National Geographic ta yi shiri na musamman a kan Sarcosuchus, daga nan dabbar ta shiga hannun masu zanen kwamfuta.

Nijar ta ci wani abu daga wannan tarihi. Kwarangwal ɗin Ouranosaurus na farko yana gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, inda ɗalibi zai iya tsayawa a gabansa. Wani na biyu yana birnin Venice a Italiya.

A nan ne labarin ya shafi Najeriya kai tsaye, domin duwatsu ba su san iyakar Illela da Birnin Ƙonni ba. Kwarin da Lapparent ya yi aiki a gefensa na arewa, wanda masana ke kira Iullemmeden, shi ne ya miƙo kudu ya zama kwarin Sakkwato. Tekun da kakansa ya gano alamarsa a Tamaske ya shigo wannan yanki fiye da sau ɗaya, kuma akwai lokacin da ruwa ya haɗe arewacin Afirka da gaɓar tekun Gini. Fataken da ke ɗauko kaya daga Kasuwar Ochanja ta Anacha ya nufi Sakkwato, wani ɓangare na tafiyarsa a kan laka da yashin da teku da koguna suka shimfiɗa yake yin sa. Kwal ɗin Inugu, da aka gano a 1909, ragowar dazuzzukan fadama ne na ƙarshen zamanin dainoso. A yankin Sakkwato kuma, a 1930 masani W. E. Swinton ya bayyana ƙasusuwan wani katon ƙadangaren teku, ya kira shi Mosasaurus nigeriensis. A 1972 masanan Italiya, bayan sun haƙo ƙoƙon kansa, suka sauya masa suna zuwa Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. Wannan dabba ba dainoso ba ce, amma ta yi zamani da na ƙarshensu. Dutsen farar ƙasa na Kalambaina, wanda ake ƙonawa a yi siminti, cike yake da bawon halittun teku. Ƙasar tana da hukumar binciken ƙasa wadda asalinta ya koma 1919, da hukumar gidajen tarihi da aka kafa a 1979, amma yaron Goronyo ya fi saurin ganin dainoson Amurka a wayar babansa a kan ya ji cewa akwai dabbar da duniyar kimiyya ke kira da sunan garinsu.

Shi dai Lapparent bai tsaya a Sahara ba. A 1955 ya wallafa nazarin wani babban dainoso daga El Mers a Maroko, a 1957 shi da Georges Zbyszewski suka rubuta littafi a kan dainoso na ƙasar Fotugal. A 1960, yayin wata ziyarar masana zuwa tsibirin Spitsbergen, can kusa da ƙuryar arewacin duniya, ya ga manyan sawaye masu yatsu uku a jikin wani dutse na bakin teku, ya danganta su da dainoso mai cin ganye. Wannan na cikin shaidun farko da suka nuna cewa dabbobin sun rayu har a yankunan da ke nesa da zafin tsakiyar duniya. Shekarunsa na ƙarshe ya fi ba da su ga duwatsun Afganistan, inda ya riƙa komawa yana nazarin tsaunukan tsakiyar ƙasar.

Ya rasu a 1975 yana da shekaru kusan 70, shekara guda kafin Taquet ya wallafa cikakken bayanin Ouranosaurus nigeriensis. A 1986 masanin Ajantina José Bonaparte ya sa wa wani dainoson Madagaska suna Lapparentosaurus. A 1998 kuma Taquet da Dale Russell suka bayyana wani mai cin kifi daga Gadoufaoua, mai dogon baki kamar na kada, suka kira shi Cristatusaurus lapparenti, daga 'yan gutsattsarin muƙamuƙi. A cikin wannan shekara, bayan 'yan makonni, Sereno ya fitar da Suchomimus daga wuri guda, da kwarangwal mafi cika. Wasu masana na ganin dabba ɗaya ce aka raɗa wa suna sau biyu, kuma bisa ƙa'idar fannin sunan da ya riga fitowa ne ke tsayawa idan aka tabbatar da hakan. Wasu kuma na cewa gutsattsarin farkon sun yi kaɗan a yanke hukunci da su, har yanzu kuma ba a rufe muhawarar ba.